Yadda Ake Ɗora Saƙon Zongo Kaf a Bayan Tirela Ɗaya

Kai direban babbar mota, matso kusa. Idan kamfani ya damƙa maka lobed, doguwar tirelar nan mai ja da ciki da ake ɗaukar katafila a kanta, aka ce ka nufi Bawku, ina da hanyar da za ka kwashi saƙon unguwa gaba ɗaya ba ka ɓata wa kowa rai ba. Na ba ka tabbacin tana aiki. Na gwada ta a kan maƙwabcina Osmanu a unguwarmu Asawase, nan Kumasi, ina daga zaune a benci, ko takalmi ban sa ba.

1. Ka saurari doka, ka ce to

Dokar a fili take. Irin wannan mota kaya guda take ɗauka, wanda ba ya rabuwa. In za a ƙara wani abu, kada ya ƙara wa kayan faɗi ko tsawo ko bisa. An auna katafilar Osmanu da sanda tun a yadin motocin kamfani, aka zaɓa masa hanyar da zai wuce ƙarƙashin gadoji lafiya. Massa Brimah, mai kula da yadin, ya miƙa masa makulli ya ce, "Osmanu, ka daɗe kana karen mota, yau ka zama direba. Ko tsintsiya ka ƙara a kan lodin nan, ka dawo min da makullina."

Ka gyaɗa kai kamar yadda Osmanu ya gyaɗa. Gyaɗa kai bai taɓa ƙara wa mota nauyi ba.

2. Ka riƙe sirri irin riƙon Zongo

Mutum ɗaya za ka gaya wa. Osmanu ya sayo wa mahaifiyarsa Mma Safia katifa, don tana can Bawku tana fama da ciwon baya a kan tabarma. Ya naɗe ta ya sa a ɗan gadon da ke bayan kujerar direba, inda doka ba ta da ta cewa. Ni ya gaya wa. Ni kuma ban gaya wa kowa ba sai mai shayi. Kafin la'asar, har mutanen can unguwar Bantama sun ji cewa akwai mota mai zuwa arewa, kuma wai fili ya yi mata yawa.

3. Kada ka ce a'a, ka ce bari mu gani

Ta farko da za ta iso surukarka ce. Hajiya Barkisu ta sauko daga aboboya, keken kaya mai ƙafa uku, da kabad ɗin gilashi da za a kai wa ƙanwarta.

"Osmanu, an ce motarka ya yi girma paa."

"Hajiya, wallahi kamfani sun hana."

"Kamfani ne ya ba ka mata?"

Ka dubi ƙasa. Babu direban da ya taɓa amsa wannan tambaya ya ci tuwo a gidansa ranar. Da ka karɓi nata kuwa, ka karɓi na ladan, da na tela, da na matar da ta taɓa goya ka ranar suna.

4. Ka fara fitar da naka

Gilashi ba ya son girgiza, saboda haka gadon bayan kujera nasa ne. Ka ciro katifar uwarka ka jingina ta da bango. Ɗan mutunci ba ya sa kayan gidansu a gaba yana kallon idon mutane. Osmanu ya tsaya rungume da katifar, fuskarsa ba daɗi, har ya ba ni tausayi. Na ce masa, "Ajiye, in an gama sai a ɗora ta a sama." Ka haddace wannan magana, ita ce ke sa mutum ya saki abin da yake riƙe.

5. Ka gane cewa katafila rumbu ce

Turawa sun ƙera ta don haƙa, amma ba su taɓa zama a Zongo ba. Cokalinta na gaba yana cin ayaba da huhun goro. Ɗakin matuƙinta yana cin jarkokin manja. Tsakanin ƙafafunta kwanon rufi ne da buhunan gari. Wanda ya zo da keken ɗinki kada ya koma da shi, akwai wuri a wuyanta.

6. Igiya ɗaya, kaya ɗaya

Nan ilimin yake. Doka ta ce kaya guda wanda ba ya rabuwa, ko ba haka ba? To, ka samo doguwar igiya ɗaya ka zagaye komai, ka rufa tamfol ɗaya. Yanzu waye zai raba su?

A can ƙololuwa, kan rufin katafila, sai ka ɗora abu marar nauyi. Aka yi dace ina da tankin ruwa na roba da nake son aika wa yayana. Osmanu ya ɗaga kai ya ce, "Kawu, wannan bai yi sama da yawa ba?"

Na ce, "Ba komai a ciki koraa, iska ce kawai. Ka taɓa jin an kama iska?"

Da aka ɗaure tankin, babu sauran wurin katifa. Muka ce sai tafiya ta gaba.

7. Kada ka sake aunawa

An riga an auna a yadi, maimaitawa rashin yarda da mutane ne. Ka yi bismillah ka kama hanya. Bayan Techiman akwai wata gadar masu tafiya a ƙafa. Katafila ta wuce ƙarƙashinta kamar yadda aka auna. Tankina ne bai wuce ba. Ya ja igiya, igiya ta ja keken ɗinki, keken ɗinki ya ja kwanon rufi, manja ya malale titi, awaki suka yi walimar ayaba. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Kuma ka lura, tare suka zubo gaba ɗaya, wanda ya nuna maganata ta kaya ɗaya gaskiya ce.

Kafin Osmanu ya sauko daga mota, Massa Brimah ya gama kallon bidiyon abin a wayarsa. Washegari wani direban ya ƙarasa da katafila Bawku, Osmanu ya dawo Kumasi a trotro, motar haya, da kabad ɗin Hajiya a cinya.

8. Ka karɓi masu jaje

Za su zo, ba sa fashi. Ladan zai tambayi manjansa. Hajiya Barkisu za ta duba gilashinta lungu-lungu, ta ce, "Alhamdulillahi bai fashe ba. To, yaushe za ka koma?" Ba wanda zai tambaye ka ina makulli.

Ina zaune wayar Osmanu ta yi ƙara. Mma Safia ce, muryarta har benci. "Ɗana, na ga katafila ta shigo gari. Na share ɗaki, na ba da tabarmar sadaka. Kana ina?"

Ya ce mata layin ba kyau.

Gargaɗi

Ni ba direba ba ne, ko keke ban iya ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa aikinsa, tsakaninsa da gada ne, kada a zo min benci. Ni ma tankina ya tafi, ban kuma kai ƙarar kowa ba. Katifar tana nan jingine a zauren su Osmanu cikin ledarta. Kullum yana zagaya tashar Race Course yana neman mai zuwa Bawku ya ba shi saƙo, duk direban da ya tambaya sai ya ce masa kamfani sun hana.