Janti Mai Rami Biyar

Ba zan taɓa mantawa ba da hidimar da na yi wa amalanken surukina, kuma ko na so in manta, mutanen garinsu ba za su bari ba.

Ni dai Allah Ya yi ni da son sanin cikin abu. Sana'ata gyaran injin ban-ruwa na masu albasa a Sabon Gida, amma in ka ajiye rediyo kusa da ni ka tafi alwala, kafin ka dawo na kwance shi. Ba don ya lalace ba, so nake kawai in ga mai maganar.

Matata Rabi 'yar fari ce, iyayenta suna wani ƙauye gaba da Allakai. Kun san yadda ake yi da surukai a wajenmu. Ban taɓa cin abinci a gabansu ba, ban taɓa ɗaga ido na kalli mahaifiyarta ba. In na je gaisuwa daga bayan zana nake durƙusawa, Inna ta amsa daga ciki. Har misali ake bugawa da ni a dangi, wai ga suruki mai kunya. Ina ji da wannan suna fiye da yadda nake ji da motona, wato babur ɗina, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wata rana na ji Baba, surukin nawa, yana cewa janti ɗaya na amalanken shanunsa ya tsage, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Ƙafafun wata tsohuwar mota ne aka ɗora wa amalanken, kowace ƙafa bulon huɗu, wato kusoshi masu noti, ke riƙe ta. Na bi garejojin Madawa ban sami irinsu ba, sai na yi karo da janti biyu na kat-kat, motar nan mai shiga daji, masu kauri, da tayoyinsu garau. Matsalar ɗaya ce, su rami biyar gare su. Da mai hankali ne, da ya wuce abinsa. Ni kuwa sai tambaya ta kama ni: me zai hana rami huɗu su sami wurin zama a tsakanin biyar?

Na kwana ina juya ta. Da safe na sayo su, na kifa tsohon jantin da na karɓo wajen Baba a kan kowane sabo, na zura alli ta cikin ramukan na yi alama, na ɗauko injin huda ƙarfe. Da na kai ƙauye na gwada, bulon huɗu suka shige sumul. Baba ya sa mini albarka har na ji kaina ya yi girma. (Ban ce a ɗaura shanu a gwada tafiya ba. Tunda tambayata ta sami amsa, ni a wajena aiki ya ƙare.)

Ba a daɗe ba aka yi bikin ɗiyar ƙanen Inna. Ita ce gwaggon amarya, don haka ita za ta jagoranci mata su kai kayan ɗaki wani gari ta wajen Keita. Aka loda kwanoni da tasoshi da gado a amalanke, mata suka hau sama, Baba da kansa ya riƙe igiyar shanu. Ni ina can baya a kan moto, nesa-nesa, kamar yadda ya dace.

Daga nan bayan na fara lura da wani abu. Amalanken ba tafiya yake ba, rangaji yake irin na raƙumi: hagu ya ɗaga, dama ya sauka, dama ya ɗaga, hagu ya sauka. Kwanoni suna ta kiɗa, mata sun bar guɗa sun koma salati. Da aka kai wani kwari mai yashi sai aka tsaya kowa ya huta, mutanen gonakin kusa suka taru suna tambayar lafiya. Baba, da yake dattijo ne, ya riga ya gane inda gizo ke saƙar. Ya ce musu a hankali, "Hanya ta. Duwatsun Adar ba su barin ƙahwa lahiya." Kowa ya gyaɗa kai, magana ta mutu. Asirina ya rufu ke nan.

Amma ni raina bai kwanta ba. A kan yashi ma na ga yana rangajin, ina dutse a yashi? Wallahi ban san lokacin da na jingine moto ba. Sai ga ni kwance a ƙarƙashin amalanke da babbar rigata ta biki, ina auna tazarar bakin janti da tsakiya da ɗan yatsa. Nan gefe yatsa ya yi saura, can gefe ya yi kaɗan. Ashe ramin tsakiya na sabon janti ya fi na tsohon faɗi, lokacin da na kifa su sai na saman ya zame gefe. Ramukana huɗu daidai suke da junansu, amma duk sun kauce wa tsakiya. Daɗin da na ji a lokacin, ba na jin na taɓa jin irinsa.

Saura in tabbatar da ɗaya ƙafar, sai wata ƙafa ta mutum, mai lalle, ta sauko daga sama ta tare mini haske. Na kama ta a idon sawu na kawar gefe, ban ma sake ta ba na ɗaga murya: "Baba, ba hanya ba ta! Ni na huda shi karkace, zo ka gani!"

Na bi ƙafar da ido zuwa sama, na ga zane, na ga gyale, na ga fuskar da shekara da shekaru nake kauce wa. Inna ce.

Ba ta dube ni ba. Da yake ba ta kama sunan 'yar fari, balle na mijinta, sai ta juya wajen ƙawarta ta ce, "Ki tambayam mani mai gidan waccan, in ita ma ƙahwag ga huda ta za shi yi, in tuɓe takalmi."

Dariyar da matan nan suka yi sai da ta sa sa ɗaya ya zabura. Na so ƙasa ta tsage in shige, ga shi kuwa ina kwance a kanta, ta ƙi. Baba ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar da ba ta kwance ba. Kayan amarya dai a kai mata suka ƙarasa da su, ni kuma na juya gida ban ci shinkafar biki ba. Kafin in isa Sabon Gida labari ya riga ni, na tarar da Rabi tana dariya har da hawaye, ko sannu da zuwa ta kasa yi mini.

Har yanzu daga bayan zana nake gaisuwa, sai dai da na durƙusa nake jin ana ƙyalƙyalewa a ciki. Ban daina kwance rediyon mutane ba, wannan ba ta da magani. Abin da na koya shi ne, in babba ya ce laifin hanya ne, to ka bar wa hanya kayanta.