Shaidar da Na Bai wa Aladun Choji

Jiya, ni da ko ƙanshin naman alade ban sani ba, na wuni ina kare aladu a gaban hukuma.

Maƙwabcina Choji ne ya jawo mini. Mutumin Jos ne. Yana tuƙa bas a unguwar Barking a nan Landan, yana kuma kiwon 'yan aladunsa a wata gonar haya can bakin gari, shi da matarsa Jemima. Wani kamfani mai aladu dubu bisa dubu ya kai su ƙara council, wato ƙaramar hukuma, wai wari. Kura ce ta ce da kare maye. Filin kamfanin yake so.

"Alhaji, kai za ka cece ni," in ji Choji. "In Musulmi ya ce ba sa wari, wa zai musa?"

"Baban Zion," na kira shi da sunan ɗansa, "ko sunansu ba na iya faɗa."

"To, ka ce tumaki ne masu gajeren wuya!"

Muka je. Mai Girma Sarkin Shinshina na Kwamiti, Allah ya ƙara wa hancinsa tsawo, yana zaune da kwalin sosej na naman alade da kamfanin ya aiko masa don bincike. Ya bincike rabi.

Na miƙe na yi Turanci tsaf. Na ce gonar tas take, na fi son zama kusa da ita da shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da rani. Sai dai harshe da abin da ya saba: duk sanda na ambaci dabbar, a'uzubillahi ta biyo baya.

Lauyan kamfani ya yi murmushi. "Me kalmar nan take nufi?"

Choji ya taka mini ƙafa. Ni kuwa na riga na yi rantsuwar faɗin gaskiya.

"Neman tsari daga Allah."

"Wato mai shaida yana tsoron rasa ransa?"

Sarkin Shinshina ya kusa hawaye. Ya ce ba zai bari a firgita community ba. Aka yi cancel ɗin lasisin Choji, aka ba kamfani filin. Nasu aladun a ɗaki suke a kulle, kuma a dokar manya abin da ido bai gani ba hanci ba ya ji.

A jirgin dawowa, da muka iso tashar East Ham, Choji ya juyo ya dube ni.

"Alhaji, da bisimillah ka yi."

Yau da safe kamfanin ya aiko mini da kwalin sosej na godiya. Na faɗi kalmar, babu wanda ya zo cetona.