Ranar da Hular Aro Ta Faɗi a Kuru

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta ma abokina Sabo ba zai bari ba, da Asabar ɗin da na je Kuru gaishe da mahaifin budurwata Bilkisu.

Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare mai zaman kanta a unguwar Ali Kazaure, cikin Jos. Wayar salula ta fara shigowa hannun talaka, ni ma na samu tawa, ga digiri, ga suma da nake tajewa sau uku a rana. Ina ji da kaina sosai. Abu ɗaya ne yake sauke mini girman kai, shi ne ciwon ɓarin kai. Nawa yakan fara da wani ƙyalli-ƙyalli a gefen idon hagu, kamar an haska mini madubi, bayan ɗan lokaci sai a fara daka a ɓarin kaina na hagu. Ba na son haske, ba na son ƙara, ga tashin zuciya. Sai in shige ɗaki in sauke labule, in ɗaure kai da ɗankwalin ƙanwata, in kwanta ina yi wa Allah alkawuran da na san ba zan cika ba.

Magani kuwa babu irin wanda ban haɗiya ba. Duk ƙwayar da ke kemis ɗin layinmu mai hoton mutum ya dafe kai, na sha ta. Har ta kai kusan kullum sai na afa biyu da safe, ko ciwon bai zo ba, wai rigakafi. Asibiti kam ban taɓa zuwa ba (malamin kimiyya ne fa ni, me likita zai gaya mini wanda ban karanta ba?).

To, mahaifin Bilkisu shi ake kira Baba Dispensa. Ya daɗe yana ba da magani a asibitin gwamnati kafin ya yi ritaya ya zauna a Kuru. Kafin ni, samari biyu ya sallama. Ya aiko cewa in zo ranar Asabar ya gan ni sau ɗaya. In na kwanta masa, in turo magabatana. In ban kwanta masa ba, kowa ya kama gabansa. Bilkisu ta kira ni a gurguje, irin kiran nan na lokacin da ake ƙirga daƙiƙa, ta ce, "Don Allah ka natsu. Baba ba ya son ƙarya, ko ta wasa ce."

Na ce, "Ni da ƙarya? Haba Bilkisu."

Ranar Juma'a da safe ina tsakiyar darasi sai ƙyalli-ƙyallin nan ya bayyana. Gabana ya faɗi, don ciwon yakan yi mini kwana biyu bai sake ni ba. Na hango kaina gobe a gaban Baba Dispensa, ido ɗaya a rufe, ina neman inda zan yi amai. Ƙwaya huɗu na sha, ko gezau. Daga masallacin Juma'a, maimakon gida, sai na tsinci kaina a unguwar Laranto, a gidan Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina. Ta daɗe tana cewa ta san maganin ciwona, ni kuma na daɗe ina yi mata dariya.

Ta dube ni ta ce, "Yau boko ya gaza ke nan? Ɗan nan, mataccen jini ne ya kwanta maka a ɓari ɗaya. A yi maka ƙaho a zuƙe shi, a bi da lalle ya sanyaya wurin, shi ke nan."

Da a ce lafiyata ƙalau da na yi mata bayanin jijiyoyi. Amma a wannan hali ko cewa ta yi in haɗiyi ƙusa zan tambaya ne kawai da ruwa ko ba ruwa. Aka kira wanzamin unguwa. Ya zaro aska zai kwashe sumar gaba ɗaya, na riƙe hannunsa na ce ɓarin dama bai yi wa kowa laifi ba, a bar shi. (Wannan shawarar tawa ce ni kaɗai, ba zan ɗora wa kowa ba.) Ya aske hagu daga saman kunne har tsakiyar kai, ya kafa ƙaho uku, ya gama aikinsa ya tafi. Gwaggo ta ɗauko lallen da take ajiyewa don amare, ta kwaɓa shi da lemon tsami, ta lafta mini, ta naɗe da leda da tsohon ɗankwali.

Ta ce, "Da an kira La'asar ka tashi ka wanke."

Ban farka ba sai da ake sallame Magariba. Ciwon dai ya tafi, ko ƙahon ne, ko barcin ne, Allah masani. Na wanke kai, na karɓi madubin Gwaggo na duba. Rabin kaina baƙar suma ce mai kyau. Ɗaya rabin ja ne jawur kamar tumatirin kasuwar Farin Gada, ga shaidar ƙaho uku a jere, har saman kunnen ma ya samu rabonsa. Gwaggo ta leƙo ta kafaɗata, ta yi murmushin wadda aikinta ya yi kyau.

"Masha Allah," in ji ta. "Ya kama."

Na goga sabulu, na goga toka, na goga kananzir. Abin da na samu kawai shi ne raɗaɗi a bakin tsagar. Da safe na je wurin Sabo, wanda zai raka ni. Tela ne a Laranto, tun firamare muke tare. Da na cire hular sanyi ya gani, sai da ya zauna a ƙasan shagonsa don dariya. Da ya dawo hayyacinsa ya ce aske sauran ba zai yi amfani ba, sai ma ya ƙara fito da jan. Ya ɗauko hularsa ƙube ya ba ni. Allah ya yi wa Sabo kai, don haka hular ta sauko mini har kunne, ta rufe komai. Muka tsara dabara: in yi alwala tun daga gida in riƙe ta, mu isa da hantsi, mu gaisa, mu fito kafin Azahar. Babu abin da zai sa in taɓa hular nan.

Muka isa Kuru ana yayyafi, ga sanyi. Aka ce Baba ya je ta'aziyya, mu jira shi a falo. Mahaifiyar Bilkisu ta aiko mana da babban fulas na shayi mai citta. Saboda sanyi da fargaba na sha kofi ɗaya, na ƙara, na sake ƙarawa. Sabo yana hararata, ban gane abin da yake nufi ba sai daga baya.

Sai wajen sha biyu da rabi Baba ya shigo. Dogo ne siriri, da tabarau rataye a wuya. Muka zube muka gaishe shi. Ya tambayi iyayena, ya tambayi aikina, ina ba da amsa tiryan-tiryan. Can sai ya ce, "Lafiyar jikinka fa, Malam? Akwai wani ciwo da kake fama da shi?"

Na ji bakina yana cewa, "Babu, Baba. Ko mura ba ta cika kama ni ba."

Ya gyaɗa kai. Daga nan hira ta gangara kan aikinsa na da, yana ba da labarin yadda mutane ke ƙin asibiti, su yi ta shan ƙwaya barkatai, ko su je a tsattsaga musu jiki, sai abu ya lalace a kawo su. Da mutum mai hankali ne a wurina, shiru zai yi. Ni kuwa sai na gyara zama.

"Ai Baba abin takaici ne," na ce. "Kullum ina faɗa wa ɗalibaina. A wannan zamani a ce mutum ya kai kansa wurin wanzami? Rashin ilimi ne kawai."

Sabo ya kama tari har sai da Baba ya ce a ba shi ruwa.

A daidai nan shayin ya fara neman hanyar fita. Na daure, na canza zama, na karanta duk abin da na haddace, a banza. Dole na nemi izini, Baba da kansa ya nuna mini hanyar bayi. Ina fitowa ladan ya ɗaga murya a ɗan masallacin da ke ƙofar gidan.

Baba ya ce, "Mu yi sallah kafin ku kama hanya." Ya cika buta da hannunsa ya miƙo mini. Ba halin in ce ina da alwala, shi ya ga shigata ya ga fitata.

Muka tsuguna a jere a bakin kwata, ni, Baba a damana, maƙwabta biyar ko shida a hagu, wato daidai ɓangaren da abin yake. Na wanke hannu a hankali. Na kurkure baki kamar wanda ya ci kifi. Na wanke fuska sau uku masu tsawo, ina fatan kowa ya gama ya shige. Babu wanda ya motsa, dattawa ba sa sauri. Da aka zo shafar kai sai wata dabara ta zo mini: in jiƙa hannuwa in cusa su ta ƙarƙashin hular, in shafa, in zaro. Na manta cewa hular ba tawa ba ce. Hannuwana na shiga, ta sulluɓe ta baya, ta gangara, ta kife a cikin kwata.

Kowa ya juyo. Wani tsoho ya tsaya da ƙafa ɗaya a hannu. Na kusa da ni ya ce, "Subhanallahi! Malam, ƙonewa ka yi?" Wani direba da ya faka motarsa don sallah ya leƙo ya ce, "Oga, wannan sabon aski ne ya fito a Jos?"

Baba ya ɗauki tabaransa ya saka, ya duba, ya cire, ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

Hular ta jiƙe da ruwan kwata, ba ta shiga masallaci. Haka na shiga kai a buɗe, kuma saboda ni baƙo ne aka matsa mini wuri a sahun gaba. Raka'a huɗu na yi ina jin idon sahu biyu a ƙeyata. Sabo yana gefena, kafaɗarsa sai rawa take yi tun daga kabbarar farko. (Har yau ina ce masa ya rama wannan sallar.) Da aka sallame, kowa ya miƙo mini hannu, amma babu wanda ya dubi fuskata, duk sama suke kallo.

Muka koma falo. Gaskiya a lokacin kunyar ma ta wuce, baƙin ciki ne ya rage. Na san na rasa Bilkisu, kuma ba lalle ne ya raba mu ba, bakina ne. Abu ɗaya ta roƙe ni, shi na kasa.

Baba ya ce, "Matso nan." Na matsa a kan gwiwa. Ya juya kaina wajen taga yana dubawa. "Ƙaho uku. Wanzamin dai ya iya aikinsa. Tun yaushe kake fama da shi?"

Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai, tun daga ƙyalli-ƙyallin har ɗankwalin ƙanwata. Ya tambayi sau nawa yake zuwa a wata, ko ina karyawa da safe, awa nawa nake barci. Da na gaya masa yawan ƙwayar da nake sha sai ya riƙe baki.

"Kai ne kake ciyar da ciwon nan da hannunka," ya ce. "Maganin ciwon kai in ya yi yawa shi ma ciwon kai yake kawowa. Ba a koya muku wannan a kimiyyar ba?" Ya gyara zama. "Ciwo ba abin kunya ba ne, Malam. Lalle ma haka, uwata ta sha shafa mini ina yaro. Amma na tambaye ka, ka ce ko mura. Me ya sa?"

Na ce, "Tsoro na ji, Baba. Kada ku ce ba za ku ba mai ciwo 'yarku ba."

Sai ya yago takarda ya rubuta wa wani likita da suka yi aiki tare. Ya ce in je ranar Litinin, in dawo bayan mako biyu da katin asibiti a hannu, sannan ya san abin da zai ce mini. Bai yi mini alkawarin komai ba.

Likitan ya saurare ni, ya auna ni, ya hana ni ƙwayoyin kemis ɗin nan gaba ɗaya. Ya rubuta mini wata ƙaramar ƙwaya da zan riƙa sha kullum don rage zuwan ciwon, da wata da zan sha da zarar ƙyallin ya bayyana, ba sai an fara daka ba. Ya ce in daina fita ba karin kumallo. Makon farko na sha wuya, kaina ya yi ta neman abin da ya saba. A mako na biyu ƙyallin ya zo ina aji, na haɗiyi maganin nan take, na zauna ina jiran dakan. Ya zo, amma sama-sama, har na ƙarasa darasina. Na fi shekara goma rabona da irin wannan, sai da na ji ƙwalla ta taru mini.

Na koma Kuru da katina, ni kaɗai. Tun daga bakin ƙofa na cire hula na riƙe a hannu. Gashi ya fara tsirowa, amma jan yana nan yana leƙe ta ƙarƙashi. Baba ya karanta katin daga sama har ƙasa, ya tambayi yadda nake shan maganin, na faɗa masa daidai, har da ranar da na manta ban sha ba. Ya miƙo mini katin.

"To, ka turo magabatanka," ya ce. "Amma a sa rana da ɗan nisa, sai lallen nan ya goge. Kada mutane su zo biki su rasa gane wace ce amarya."

Darasin da na koya, mutanen kirki za su ce shi ne a daina ƙarya, kuma na yarda da su. Amma ga wanda ya san halinsa irin nawa ne, shawarata ita ce: in za ka yi wa dattijo ƙarya, ka fara duba agogo ka ga saura minti nawa a kira sallah.