Tuwon da Na Yi wa Tsutsotsin Ɗan Fari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe akwatin nan a tsakar gidanmu ba. Na manta fuskokin mutane da yawa, na manta shekarar da haƙorana suka fara zuba, amma warin da ya fito daga akwatin nan yana nan a hancina, kuma ina jin da shi za a kai ni makwancina.

Abin ya faru ne bayan an gama yaƙin basasa, lokacin Kontagora tana ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanka mana jiharmu ba tukuna. Ina da ɗan fari, namiji. Sunansa ba za ku ji a bakina ba (sau ɗaya na taɓa faɗinsa a duniya, kuma labarin ke nan). A yadda aka tashe mu, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta miƙa masa abinci hannu da hannu. Tun da aka yaye shi yayar maigidana ta ɗauke shi, wadda kowa a gidan yake kira Goggo. Ɗakinta yana kallon nawa, tsakar gida ɗaya muke shara, amma in yana kuka sai in juya baya in ci gaba da dakana. In na dafa abu mai daɗi sai in kai wa Goggo in ce ga nata, ita kuwa ta san wanda nake nufi.

To, ana nan ana nan, yaro ya girma, ya yi boko, aka tura shi makarantar koyon aikin gona. Ya dawo da farkon damina a kan keke, da akwatin katako ɗaure a baya. Mun ɗauka tsaraba ce, Goggo har ta fara guɗa. Da ya ɗaga murfin sai ga baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, a ciki kuma irin tsutsar nan ja mai santsi da ke fitowa bayan ruwa, wadda ake ce wa tana, sun cika akwatin suna nannaɗe da juna. Goggo ta haɗiye sauran guɗarta, ta tofar da miyau, ta tambaye shi ko abin da aka koya masa ke nan duk shekarun nan.

Ya zauna ya yi mata bayani, ni kuwa ina gefe ina tankaɗe, na ba su baya. Ya ce wani Bature malaminsu ne ya ba shi irin. Ya ce suna cin ɓawo da ganye, abin da suka kasayar kuma taki ne da ya fi na shanu. Ya ce babban jami'in gona zai zo daga Sakkwato kafin kaka ya gani da idonsa. In ya gamsu, za a bar shi nan Kontagora ya koya wa mata yin lambu a cikin gida. In bai gamsu ba, za a tura shi can arewa bakin iyaka, inda ake neman ma'aikata.

Wannan ta ƙarshen ita ce ta shige ni. Hannuna yana kan rariya, amma garin ya daina sauka.

Matsalar ita ce an ba shi rangadin ƙauyuka wajen Bangi da Sahon Rami, zai daɗe bai kwana gida ba. Goggo ta ce ita da alwalarta ba za ta taɓa ƙazanta ba. Maigida ya ce gonarsa ta ishe shi. Sai yaron ya dubi katanga ya ce, "To, a faɗa wa mutanen gidan nan su taimaka." Mutanen gidan nan, ni ke nan. Ya gyara zama ya fuskanto wajena zai fara lissafa yadda ake kula da su. Ni kuwa, uwar kirki mai tarbiyya, na tattara rariyata da ƙwaryata na shige ɗaki na saki asabari. Daga ciki na tsinci abin da na tsinta: a ba su abin da ya fito daga madafa, a riƙa yayyafa ruwa, a tsare su daga kaji. Sauran, wato abin da ba a ba su, yayyafi a kan kwanon rufi da salatin Goggo suka cinye shi. Da na tambaye ta bayan tafiyarsa, ta ce ita kunnenta ba ya riƙe zancen tsutsa.

Da farko na bi a hankali. Ɓawon doya, ɓawon dankali, karan alayyafo. Suka ci, suka yi ƙiba, ƙasar tana ƙamshi. Da na tsaya a nan da ba ku ji wannan labarin ba.

Wata rana da hantsi na zo da ɓawo a tsohon kasko, na tsuguna, sai zuciyata ta ce da ni, wai amanar ɗanki ce kike ba wa abin da akuya ma sai ta ga dama take ci? Baƙo ya zo gidanki tun daga ƙasar Turawa, ki tarbe shi da shara? Na dubi kaskon, na ji kunya ta kama ni. A ranar na yanko musu tuwon dawa, na zuba miyar kuka da ta ji daddawa da barkono da gishiri. Washegari na ƙara man shanu. Ran kasuwa na sayo busasshen kifin Yawuri, na ba su kawunan. In na dama fura sai in rage musu da nono. Allah ya sani, irin girkin da na yi wa tsutsotsin nan ban taɓa yi wa maigida ba (shi ma ya lura, ya ce miya ta gyaru a 'yan kwanakin nan). Ina zuba musu ina ce musu ku ci, ku ci ku riƙe mini shi a garin nan.

Ba a jima ba na fara ganinsu suna fitowa ta 'yan hujojin da ke gindin akwatin da gefensa, suna jan ciki suna neman hanya. Yanzu na san gudun gishiri da yaji suke yi, neman ransu suke. A lokacin na ɗauka rashin sabo ne. Sai in bi su ɗaya bayan ɗaya, in tsince su da hannuna, in mayar da su ciki ina rarrashi. Da abin ya yi yawa na kwaɓa laka na toshe hujojin duka, har ina mamakin yadda ɗan boko zai bar akwati a huje. Na ƙara ruwa, tunda an ce ruwa. Na rufe da tsohon bargo don kada iska ta dame su. Daga baya na ja akwatin na tura ƙarƙashin gadona saboda kaji.

Maƙwabciyata Rifkatu ce ta fara magana. Mutuniyar Salka ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma bakinta ba ya ajiya. Ta leƙo ta ce, "Uwar gida, akuya ta mutu a gidanku ba ku sani ba?" Na jawo ta ɗaki na nuna mata. Ta toshe hanci da gefen zane, ta daɗe tana kallo. Ta ce ita dai ta girma a bakin fadama, ta ga irin tsutsar nan ba adadi, amma ba ta taɓa ganin wadda ta zauna gaban tuwo ba. Ta ce in tambayi mai abin. "Ɗanki ne fa. Ke kika haife shi ko Goggo?" Na ce mata ba ta san kunya ba. Ta ce ta yarda, amma ta san wari.

Allah ya ba ni dama, ba zan ce bai ba ni ba. Wata ran kasuwa yaron ya biyo gida a gurguje, ya tsaya a tsakar gida riƙe da keke ya ce, "Goggo, yaya baƙina?" Ina ɗaki, akwatin yana taɓa diddigena. Kalma biyu kawai zan faɗa, zo gani. Bakina ya buɗe, sai na ji kaina ina ce wa Goggo a faɗa masa suna lafiya, suna ci suna sha. Ya ce zai duba su. Goggo ta ce suna ɗakin wance. Ya tako har bakin ƙofa, ya tsaya. Ɗakina ne, shi ma tarbiyyar da aka yi mini ita aka yi masa. Ya gaida asabari, asabari ta amsa, ya juya ya hau kekensa. Turaren wutar da na banka tun safe shi kaɗai ya ji.

Daga ranar na daina kallon cikin akwatin. Sai in ɗaga murfi kaɗan, in jefa loma, in rufe, in yi addu'a.

Ranar da jami'in ya zo, maigida ya ba da izini a shigo da shi cikin gida, tunda mata za a nuna wa. Matan unguwa suka cika tsakar gida a kan tabarmi, har da waɗanda ba ma gaisawa. Na goge bayan akwatin da toka, na lulluɓe shi da sabon zanena, ni da Rifkatu muka fito da shi, ruwa yana motsi a ciki. Yaron ya iso tare da baƙon, sanye da kakinsa a goge. Ya tsaya ya yi jawabi mai daɗi, ina bayan turmi ina ji, kaina yana ƙara girma duk da tsoron da ke cikina. Ya ce wa matan su matso, in ya buɗe kowa ta ɗebi ƙasar ta shinshina, za ta ji ƙamshin ruwan farko. Suka matso.

Ya yaye zanen, ya yaye bargon, ya ɗaga murfin.

Matan gaba suka faɗa kan na baya. Wata ta ɗauki goyonta ta yi zaure. Jami'in, dattijo mai kamun kai, ya zaro hankici ya rufe rabin fuskarsa, idanunsa suna hawaye. A cikin akwatin babu ƙasa, sai baƙin ruwa mai kumfa, maiƙo yana yawo a sama, fararen tsutsotsin ƙuda suna iyo, kawunan kifi sun zuba wa sama ido. A tsakiya kuma ga malmalar tuwon da na sa da safen nan, da miyarta a kai, don kada su gana da babban mutum da yunwa. Yaron ya sa kara ya juya, ya juya. Jar tsutsa ko ɗaya babu.

Jami'in ya tambaya ta cikin hankici, wa aka bar wa kula da su. Yaron bai dubi inda nake ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Sakacina ne."

Ban san lokacin da na fito daga bayan turmi ba. Na kira sunansa, sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban Goggo da maigida da matan unguwa da baƙon Sakkwato. Na ce ba shi ba ne, ni ce. Sannan na durƙusa gaban jami'in na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban bar su da yunwa ba. Tuwon dawa ne na ba su. Ko da na shinkafa suka saba?"

Dariyar da aka yi ba ta mugunta ba ce, shi ya sa ta fi ciwo. Jami'in ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Goggo kuwa ba ta yi dariya ba. Ta riƙe haɓa ta ce, "Yau kuma an kama suna." Ita wannan ce ta dame ta, kuma ita unguwa ta riƙe. Shekara da shekaru in na shiga gidan biki sai in ji ana raɗa, ga wadda ta yi wa tsutsa tuwo, ga wadda ta kira ɗan fari a bainar jama'a.

Jami'in ya ce ya gane, ba laifin kowa ba ne, amma ba shi da abin da zai je ya ce ya gani. Kafin a gama girbin dawa takarda ta zo, aka tura yaron arewa. Can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa. Da aka raba jiha muka faɗo wannan ɓangaren, shi ya zauna a wancan. Sai da Sallah muke ganinsa, wata shekarar ma ba ya samun zuwa. Inda muka zubar da abin da ke cikin akwatin, bayan rumbu, ko ciyawa ta ƙi fitowa saboda gishiri. Kullum in zan ɗebo hatsi sai na wuce ta wurin.

Safiyar da zai tafi, ya ɗaure kayansa, ya tsaya a tsakar gida ya dubi katangar nan tasa. Ya ce, "Goggo, a faɗa wa mai tuwon nan, da ni aka ba wa, da na ci."

Na shiga madafa na tuƙa tuwo, na kaɗa miya irin wadda na kashe tsutsotsinsa da ita. Na zuba a kwano, na ɗauko, na tako har tsakiyar gida. Yana tsaye, hannunsa a sake. Na wuce shi na miƙa wa Goggo na ce ga nata.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma na koye shi bayan ya daina amfani. In aka bar maka amana, ko ta tsutsa ce, tambayi abin da ba ta ci kafin ka tambayi abin da take ci. Yanzu 'ya'yansa in sun zo hutu ba na barinsu su huta da tambaya, wa ke cin yaji, wa ba ya shan nono, har sukan ce na cika surutu. Ubansu kuwa har yau ban tambaye shi ko miyar ta yi gishiri ba.