Keken Malam Haliru Ya Rasu da Kitse a Jikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau bai rabu da wari ba, Malam Haliru na Batsari, malamin Islamiyya a Yasore, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekensa, baƙi mai sanda biyu, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a wani kududdufi kusa da Karare, bayan gajeruwar jinya mai ƙazanta.

Marigayin ya shigo gidan tun kafin a haifi Nusaiba, babbar 'yar Malam, wadda yanzu 'ya'yanta ke makaranta. Bai taɓa shan fetur ba, bai taɓa busa wa kowa hayaƙi a fuska ba. Abincinsa iska ce, sai ɗan baƙin mai a kaca ranar Juma'a. Ya ɗauki littattafai, ya ɗauki buhun gero, ya taɓa ɗauko rago daga kasuwa ba tare da ya yi ƙorafi ba. A shekarun da hanya ta ɓaci da 'yan bindiga, lokacin da ƙarar babur kan sa manomi ya yar da fartanya ya shige cikin dawa, shi yakan ratsa gonaki da muryarsa ta kullum, "kacar-kacar, kacar-kacar," mutane su ɗago kai su gai da Malam. In ya hau tudu yakan ce "ƙiii" sau ɗaya, ya yi shiru.

Ciwon ajali daga girmamawa ya faro. Matasan Batsari da Safana sun shirya tattakin kekuna daga wannan gari zuwa wancan, don a ja hankalin jama'a su daina watsar da leda, su dasa itatuwa, su rage ƙona mai. Da suka duba wanda ya fi kowa daɗewa a kan sirdi, sai suka zaɓi Malam ya ja gaba. Bai nuna murna a fili ba, amma ya kai farar rigarsa wajen mai guga, ya kuma gaya wa ɗalibansa su fito bakin hanya ranar Asabar. Mutum ya shekara da shekaru babura na watsa masa ruwan taɓo, rana ɗaya a ce kowa bayansa zai bi, ai dole ransa ya yi fari.

Sai ga Sharhabilu, ɗan ƙanwar Malam kuma shugaban kwamitin shirye-shirye, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo. "Kawu, wannan baƙin man guba ne ga ƙasa," in ji shi. "A ba mu keken mu gyara shi da kayan gida." Kayan gidan, ashe, man gyaɗa ne da kitsen shanu daga teburin Gambo mahauci. Da a kaca kaɗai aka tsaya, da Malam ya haɗiye. Ina! An mulke sirdin fata don ya yi laushi, an mulke tayoyi don su yi ƙyalli a hoto, har robar birki ba ta tsira ba. Aka jingine bawan Allah a ɗakin ajiyar gyaɗa, ɓeraye suka yi walima a kansa, suka cinye rabin sirdi suka bar kashinsu a kan kariyar ɗora kaya.

Da aka dawo da shi, ƙudaje ne suka fara yin sallama. Rana ta narkar da kitsen, yana ɗiga, yana wari irin na kwata ranar da ba a wanke ba. Malam ya toshe hanci da bakin rawani, ya ce, "Sharhabilu, keke na ba ka ko tsire?" Duk da haka ya ɗaura tsumma a inda ɓeraye suka ci, ya hau don gwaji, domin Asabar ta matso kuma ya riga ya gaya wa yara.

Karnukan hanya ne suka raka shi. Ɗaya ya zama uku, uku suka zama ayari, suna lasar taya tana juyawa. Malam ya taka da ƙarfi, gangara ta karɓe shi, ya matse birki, birki ya sulɓe kamar sabulu. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙwas," lokacin da sandarsa ta karye a cikin koren ruwan kududdufi mai cike da leda. Malam ya fito da ƙujewa a gwiwa da wata leda a kafaɗa, ya tsaya yana kallon karnuka suna lashe abokin tafiyarsa tun daga kai har feda. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin ƙyama da kuka sun zo masa tare ba sai ranar.

Marigayin ya bar famfo ɗaya, da igiyar roba, da Maude mai faci, wanda ya duba karayar ya girgiza kai ya ce ba mai ɗoruwa ba ce. Ya kuma bar ajin yara a Yasore, waɗanda daga yanzu za su riƙa jiran malaminsu ya iso da ƙafa.

An riga an yi masa wanka da ruwa da ƙasa, irin wanda ake yi wa abin da kare ya lasa, kuma Malam da hannunsa ya yi. Ba za a yi masa salla ba, Malam ya san hukunci. Za a rataye gawar a zaure, kuma ana gargaɗin 'yan jari-bola kada su zo da sikelinsu. Ana karɓar gaisuwa bayan la'asar. Mai zuwa kada ya zo da nama.

Kwamiti ya aiko cewa Malam zai iya jan gaba a zaune cikin mota mai lasifika. Ya gode, ba zai shiga ba. Tattaki zai tashi ranar Asabar kamar yadda aka tsara, kuma ta ƙofar gidansa hanyar ta bi. Roƙonsa ɗaya ne ga mahaya: in sun zo wucewa, don Allah kada kowa ya kaɗa ƙararrawa.