Ranar da Na Ce Dabal a Soron Ammu Isa

Ko zan manta komai na zamana a Makka, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba. Na zo daga Kano ina gyaran AC a wani shago a Mansur, ban san kowa ba, sai Ammu Isa, wato Kawu Isa, ya ja ni jiki. Tsohon tela ne, haifaffen Makka, kakansa ya zo hajji bai koma ba. Duk Juma'a bayan la'asar mukan hau soronsa a Utaibiyya mu buga balot, kartar da ake yi biyu-biyu. Ni ne abokin wasansa. Abokan karawarmu kuwa surukinsa Abu Fahad da wani direba, Sani, waɗanda suka saba cinye mu kamar tuwon safe.

Ranar ita ce wasanmu na ƙarshe. Ammu ya sayar da gidan, zai koma Jidda wurin 'yarsa saboda ciwon ƙafa. Muna hawa bene, yana hutawa a kowane mataki, ya ce mini, "Ya waladi, ɗana, sau ɗaya kawai. In ci Abu Fahad a soron nan, khalas, shi ke nan, in tafi."

Kuma wallahi muna kan ci! Mun yi musu nisa, saura ƙiris. Abin da ake bukata daga gare ni kawai in rufe bakina. (Matata ta ce wannan ne aikin da ban taɓa iyawa ba.)

Abu Fahad ya zaɓi launin katin da zai yi hukunci a zagayen, wato wanda ke cin sauran launuka. Na duba hannuna, sai ga manyan katunan launin nan biyu suna kallona. Kaina ya kumbura. Ban so mu ci shiru-shiru ba, so nake a riƙa ba da labari har Jidda. Na buga tabarma na ce, "Dabal!" Wato na ninka makin zagayen, ko mu kwashe ko a kwashe mu.

Ammu ya ɗago ido ya dube ni. Abu Fahad ya yi murmushi ya ninka nasa. Maimakon in tsaya, na sake ninkawa. Sai Abu Fahad ya ce, "Gahwa." A balot wannan ita ce maganar ƙarshe: wanda ya ci zagayen ya ci wasan duka, duk makin baya ya tashi a banza.

Abin da ban lissafa ba shi ne, da bakina na gaya masa inda katunan da yake tsoro suke. Ya riƙa fito da launin da ba ni da shi, dokar wasan tana tilasta mini zubar da manyan katunan nan ɗaya bayan ɗaya. Sani har da tambayata ko akwai saura. Haka suka cinye zagayen, da wasan duka. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona sai kofin shayi.

Ammu ya ajiye katunansa a hankali. Hannunsa mai kyau ne, da na yi shiru da mun gama. Ya ce, "Allah yahdik, Allah ya shirye ka, ya Abu Dabal. Wa ya aike ka?" Kowa ya fashe da dariya, har shi, har yana share hawaye. Ni dai ban tabbata duk hawayen na dariya ne ba.

Aka kira magariba muka sauka, ba a sake hawa ba. Yanzu wasu ne a gidan, in na bi ta layin a mota sai in rage gudu ba dalili. Ina kewar tsohon nan ƙwarai. Yakan kira ni daga Jidda, kafin sallama ma sai ya ce, "Abu Dabal, ka koyi yin shiru?"

Na koya, Ammu. Yanzu ko katuna sun cika mini hannu bakina gum. Sai dai babu wanda nake son in ci wa wasan.