Atamfar Madam Ladi

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan autarmu ba, ko da ita autar ta yi jikoki.

Ni kafinta ne a Nasarawa, na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da furfura a gemu. Malamarmu Madam Ladi, mutuniyar Filato ce, daga unguwar Romi take zuwa kullum da la'asar. Wata rana ta rubuta mana kalmar Turanci "trivial" a allo, ta ce ma'anarsa abu ƙanƙani, marar muhimmanci.

"Kada ku bar shi a littafi," in ji ta. "Ku yi amfani da shi a waje."

Mako uku ina yawo da kalmar nan a baki ban sami inda zan sauke ta ba. (Na gwada wa wani da ya yi ƙorafin ƙafar kujera, bai gane ba, ya ƙara faɗa.)

Ranar suna aka ce Madam ta iso, na shiga tsakar gida gaishe ta. Mata cike, surukata na kan tabarma. Madam ta miƙa wa maiɗakina turmin atamfa da sabulai, ta ce, "Ga wannan, ba yawa."

Kowa ya san amsar: "Haba, har da wahala haka? Allah ya saka." Ni ma na sani. Amma abin da na ji kawai shi ne ƙofar sauke kalmata ta buɗe.

Na gyara hula, na nuna atamfar. "Gaskiya ne, Madam. Trivial ne."

Na tsaya jiran yabo.

Surukata ta ce, "Me ya ce?"

Wata ƙanwar maiɗakina, nas ce, ta fassara mata tsaf, ba ta rage komai ba.

Madam ta dube ni ta saman tabarau. "Malam, ka gane darasi. Amma albashina na wannan watan ya san nauyin atamfar nan."

Dariyar matan har titi. Maiɗakina ba ta yi ba, ta dai rungume atamfar. Kwana biyu ban je aji ba, har Madam ta aiko cewa kujerata na nan, ni na ƙera ta kuma.

Har yau ina amfani da kalmar, amma a kan kayana kawai. Kyautar wani, ko allura ce, da Hausa nake godiya.